Tambayoyinku: Aikin gidauniya sana'a ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digiri a ilimin addini, ina limanci a masallacin unguwarmu. Burina in kafa gidauniyar marayu in rayu a kanta, amma mahaifina ya ce wannan ba sana'a ba ce. Ina mafita? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Mahaifinka ba alheri yake ƙi ba, yunwa yake jiye maka. Ka je ka zauna da shi cikin ladabi, ka karanta masa aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka sa ma'aikatan zakka cikin mutum takwas masu rabo. Karɓar albashi a aikin Allah ba abin kunya ba ne, muddin amintattu, wato kwamitin da ke kula da gidauniyar, ne suka yanka maka.

Amma kada ka yi gaggawa. Ka fara aiki a ƙarƙashin ƙungiyar da ta kafu, irin su Jama'atu Nasril Islam da Sardauna ya assasa a 1962, ka koyi lissafin kuɗi da rubuta rahoto. Nan ne malamanmu da yawa ke tuntuɓe, wallahi abin na damuna. Na ga bawan Allah mai gaskiya da ya riƙa karɓar gudummawar marayu ta asusunsa, rasit a aljihun babbar riga, har zargi ya raba shi da jama'arsa.

In ka shirya, ka yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020, ka karɓi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, sannan ka buɗe asusu da sunan gidauniyar, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kafin kuɗi ya fita.