Zauren Gwaggo: Ina son karatun jinya, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗiyarki ce daga Tawa, shekaruna 19. Bana Allah ya ba ni sa'a na ci bak, jarrabawar gama sakandare, seri D. Tun ina ƙarama aikin jinya nake so. Babana ya ce in shiga wata makarantar lafiya ta kuɗi nan cikin gari don in zauna gabansu, ni kuma raina yana ga ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati da ke Yamai, tunda ƙanwar innata tana can. Ban san takardun da ake nema ba, ban san abin da zan karanta kafin shiga ba. Sannan yadda aka rubuta sunan babana a takardar haihuwata ya bambanta da na takardar bak da harafi ɗaya. Wannan zai iya hana ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Barka da arziki, Allah ya sa albarka a wannan bak ɗin.

Maganar sunan nan ita ce ta fi gaggawa, don haka da ita zan fara. Harafi ɗaya yana iya sa a maido miki da dosiye, wato takardun neman shiga makaranta, in kuma ya wuce a ranar shiga, zai tare ki ranar karɓar difloma ko ranar neman aikin gwamnati, lokacin da gyara ya fi wuya. Takardar haihuwa ita ce tushe, sauran takardu ita suke bi. Idan ita ce daidai, ofishin jarrabawar bak za a je a gyara tasu. Idan kuskuren a cikinta yake, sai an bi ta gaban alƙali. Ko wanne ne yana cin lokaci, don haka ki roƙi Baba ya raka ki cikin satin nan. Na ga yarinya mai ƙoƙari da ta zauna gida shekara guda cur a kan irin wannan, abin har yau yana mini ciwo.

Takardun dosiye ba su cika canzawa ba: takardar neman shiga da za ki rubuta da hannunki a manna mata tambur, takardar haihuwa ko wadda alƙali ke bayarwa a madadinta, nasiyonalite (shaidar zama ɗan ƙasa), kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum), takardar awon likita, kwafin shaidar bak da na maki waɗanda hukuma ta buga wa hatimi, sai hotuna ƙanana. Ki lura da kaziye, ana son wanda bai wuce wata 3 ba, kuma a kotun yankin da aka haife ki ake karɓarsa. Kada ki yi shi da wuri ya mutu a hannunki, kada kuma ki bari sai kin isa Yamai ki tuna da shi, alhali tsakaninki da Tawa fiye da kilomita 500. Ainihin takardunki su zauna a akwatin Inna, kwafi ake miƙawa. Ranar ajiye dosiye da kuɗin rajista kuwa, sanarwar bana ce ke faɗa. Ki bi jaridar Le Sahel da rediyo, ki sa ƙanwar innarki ta je allon makarantar ta ɗauko miki hoton sanarwar. Labarin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa na bara ne.

Yanzu maganarki da Baba. Kada ki ɗauke shi mai son tauye ki. Uban da ke tunanin inda ɗiyarsa za ta kwana da wanda zai duba ta in zazzaɓi ya kama ta, yana da hujja. Makarantun gwamnati na wannan fanni da kowa ya sani su ne ENSP Damouré Zika ta Yamai da ENSP ta Damagaram, kuma mai bak yana yin shekara 3 ya fito anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, mai difloman gwamnati. Masu nema suna da yawa, gurbi kaɗan ne, saboda haka ki nemi can, ki kuma riƙe wata hanyar a hannu. Cikin makarantun kuɗi akwai nagari ƙwarai, akwai kuma waɗanda ba su da komai sai allo mai kyau a bakin titi. Ku je ke da Baba, ku ce a nuna muku takardar izinin gwamnati, ku tabbata izinin ya haɗa da sashen jinya da kike so, don makaranta tana iya samun izinin wani sashe ta buɗe wani. Ku tambayi yadda ɗalibansu suka yi a jarrabawar ƙasa ta bai ɗaya da ake yi wa masu gama makarantun lafiya. Ku tambayi inda suke kai ɗalibai sitaj, wato koyon aiki da hannu, ko babbar likita ta jiha ce, ko gidan kula da uwa da yaro, ko CSI, ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye, kuma mutum nawa ake turawa ɗaki guda. Wannan tambayar ta fi mini sauran nauyi. A shekarun da na yi ina majo, shugabar masu jinya, na karɓi masu difloma da ba su taɓa sa wa yaro ƙarin ruwa da hannunsu ba, don sun yi sitaj ɗinsu a tsaye bayan mutum ashirin. Makarantar da ta yi fushi da tambaya, kada Baba ya ba ta ko dala.

Abin karantawa kuwa, littattafanki na ajin ƙarshe kada su tafi wurin mai ƙosai. Ki koma kan jikin ɗan Adam: zuciya da gudun jini, numfashi, ƙoda, haihuwa, garkuwar jiki. Ki riƙa rubutu da Faransanci kullum, don ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, darasi da takardar magani da rahoton kwanan aiki a likita duk da Faransanci ake yin su. Sai lissafi, wanda yara ke rainawa. Yaro mai kilo 12 da za a ba farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, 180 ke nan. Ruwa mililita 500 da zai shiga cikin awa 8, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a mililita, kusan ɗigo 21 ne a minti. Ki saba da irin wannan har ki iya shi cikin dare, da barci a idonki, domin a lokacin ne za a nema gare ki.

In Yamai ce ta yiwu, ki fara koyon Zabarmanci tun yanzu, ko da gaisuwa ce da “ina ke miki ciwo”. Ki kuma yi awon ciwon hanta nau'in B, in ba ki da shi ki fara rigakafinsa. Allura 3 ce, kuma gara ki gama ta kafin ki fara taɓa jini da allurar wasu.

Tambaya: Gwaggo, ni saurayi ne a Bukoki, Yamai. Birebe, shaidar gama ƙaramar sakandare, kawai gare ni, na bar lakwal a aji na gaba da shi. Akwai hanya gare ni?

Amsa: Akwai, ɗana. Da birebe ana shiga sashen ASB, na ƙananan ma'aikatan lafiya, shekara 3 ne, kuma su ne ke riƙe da CSI da yawa a karkara, su duba mai zazzaɓi, su yi rigakafi, su yi awon ciki. Maza suna yi, ana kuma bukatarsu. Sai dai matsayinsa a aikin gwamnati yana ƙasa da na mai bak, kuma difloma ba ta zuwa da aiki a hannunta, wasu sai sun yi zaman sa-kai a likita kafin a ɗauke su. Ka shirya wa wannan, ka kuma shirya wa a tura ka ƙauyen da babu lantarki. In har kana da halin komawa ka nemi bak, ko a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, shi na fi so maka. In babu hali, ka haɗa dosiye irin wanda na lissafa wa ƴar'uwarka a sama, shaidar birebe a madadin ta bak, ka duba iyakar shekarun da sanarwa ta gindaya kafin ka biya kuɗin komai.