Tambaya da Amsa: Yaro ma yana kamuwa da ciwon dajin hanta?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana ɗan shekara biyu cikinsa ya kumbura, in ina masa wanka sai in ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Ba ya cin abinci, sai ramewa yake. An yi hoton ciki, an ce akwai ƙari a hantarsa. Shin daji ne? Daga wata uwa a Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ba kowane ƙari ne daji ba, kuma hoton da aka yi bai isa a yanke hukunci ba. Amma yara suna kamuwa da dajin hanta, duk da ba kasafai ba. Wanda aka fi gani shi ne hepatoblastoma, yawanci a yaran da ba su kai shekara 3 ba, musamman bakwainin da aka haifa bai kai kilo 1.5 ba. Sau da yawa idon yaro ba ya yin shawara, shi ya sa ake ɗauka saifa ce ko tamowa, a yi ta jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

Ki nemi takardar turawa zuwa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki tafi da sakamakon hoton farko. Za a ɗebi jini a auna wani sinadari mai suna AFP, wanda yake hauhawa sosai a kusan yara 9 cikin 10 masu wannan ciwo. A nan akwai wurin kuskure: jariri lafiyayye ma ana haifarsa da AFP mai yawa, sai ya yi ta sauka cikin shekarar farko, don haka dole a gwada sakamakon da shekarun yaro. Za a kuma duba ciwon hanta nau'in B.

Daga nan sai hoton CT ko MRI, wato hotunan da suke nuna cikin jiki dalla-dalla. Likitoci suna kasa hanta gida 4 su ga gida nawa ƙarin ya ci, da ko ya taɓa manyan hanyoyin jini. Ana haɗawa da hoton ƙirji, domin huhu ne ciwon ya fi bazuwa. Idan za a sa yaro barci don kada ya motsa, a hana shi abinci na awannin da aka faɗa.

Tabbaci sai an ciro ɗan tsokar ƙarin da allura an duba a madubin likita, bayan an tabbatar jininsa yana daskarewa daidai. Don Allah kada a yi masa tsaga ko a riƙa matsa wurin, ƙarin yana iya fashewa ya zubar da jini a ciki. Idan an gano shi da wuri, ana ƙanƙance shi da magani irin su cisplatin, sannan a cire shi da tiyata, kuma yara da yawa suna warkewa.