Amsa ga Malama kan shigar da sakamakon bincike cikin aji

Malama, kin tambayi yadda malami zai amfana da binciken masana ilimi alhali ajinsa cike yake da ɗalibai, lokacin darasi gajere ne, ga kuma manhaja da dole a kammala kafin jarrabawa. Na daɗe ina koyarwa a sakandare, kuma shawarata ita ce ki ɗauki sakamako guda ɗaya wanda aka sha gwadawa a wurare daban-daban, wanda ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki, ki riƙe shi har zangon karatu ya ƙare kafin ki ƙara wani.

Wanda ya fi yi mini amfani shi ne sa ɗalibi ya tuno da abin da ya koya ba tare da ya duba littafi ba. Tun a 1885 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna a Jamus cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, daga baya sai saurinta ya ragu. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗaliban jami'a a Amurka gajeren rubutu, wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuwa suka karanta shi a zama ɗaya kawai sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne suka yi gaba, amma bayan mako guda masu tunowa sun riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari, su kuwa masu maimaitawa kashi 40 kawai, duk da cewa su ne suka fi sakankancewa ba za su manta ba. Wannan ne ya sa na daina gamsuwa da amsar da aji yake bayarwa baki ɗaya idan na ce, "Kun gane?"

Yadda nake yi shi ne, da na shiga aji sai a rufe littattafai, in rubuta tambayoyi uku ko huɗu a allo, ɗaya daga darasin jiya, ɗaya daga na makon da ya wuce, wata kuma daga abin da muka yi tun watan jiya. Kowa ya rubuta amsarsa, sannan mu gyara tare nan take, kowane ɗalibi da jan biro a kan nasa littafin. Ba na ba da maki a kan wannan aikin, kuma ina maimaita musu haka, domin da zarar sun ɗauke shi jarrabawa sai tsoro da leƙen littafin maƙwabci su lalata shi. Ki lura da abu biyu: ɗalibi ba zai tuno da abin da bai fahimta ba tun farko, kuma idan aka bar kuskure ba a gyara ba, tunowar tana iya ƙara dasa shi a kansa. Mintunan da wannan yake ci a farkon darasi suna dawo miki a lokacin bita, domin ba za ki sake koyar da zangon daga tushe ba.

Na biyu ya fi sauƙin faɗa, amma yana buƙatar haƙuri. A farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta naɗi muryoyin malaman kimiyya a azuzuwansu, ta gano cewa yawanci daƙiƙa ɗaya kacal malami yake jira bayan ya yi tambaya kafin ya maimaita ta, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara sa baki. A babban aji nakan hana ɗaga hannu sai na ba da izini, sannan in zaɓi mai amsawa da kaina, don kada 'yan sahun gaba su mallake darasin.

Game da duba aiki, binciken Ruth Butler na 1988 ya nuna cewa yaran da aka rubuta wa sharhi kaɗai sun fi ci gaba a kan waɗanda aka ba maki, kuma haɗa maki da sharhi ya kusan shafe amfanin sharhin. Hukumar makaranta da iyaye suna son ganin maki, kuma suna da hakki, don haka nakan fara mayar da aikin da sharhi, a yi gyara, daga baya in bayyana makin.

Ina kuma roƙonki ki yi hattara da kalmar "bincike ya nuna" da ake yawan ji a taron horar da malamai. An daɗe ana cewa a raba ɗalibai zuwa masu koyo ta gani da masu koyo ta ji, a koyar da kowa ta hanyarsa, amma da Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi diddigin hujjojin a 2008, ba su sami abin da ya tabbatar da hakan ba. Duk sakamakon da aka kawo miki, ki tambaya a kan su wa aka yi gwajin, da me aka kwatanta, kuma yaushe aka auna, nan take ne ko bayan makonni.

Daga nan sai ki gwada a wurinki, domin gani ya kori ji. Idan kina da azuzuwa biyu masu mataki ɗaya, ki fara da ɗaya, bayan kin gama wani babi da mako biyu ki ba duka azuzuwan biyu tambayoyi iri ɗaya ba tare da sanarwa ba, ki kwatanta. Wannan bai kai binciken masana ba, tunda azuzuwan ba za su zama daidai ta kowace fuska ba, amma ya isa ya nuna miki ko ki ci gaba ko ki gyara. Idan kin faɗa mini darasin da kike koyarwa da shekarun ɗalibanki, zan kawo misalan tambayoyin farkon darasi da za su dace da su.