Ta'aziyya bayan kwana uku, da kuɗin da mamaci ke bi

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ina sana'ar shinkafa a Argungu. Abokin cinikina na Shinkafi ya rasu, ya bar mata da ƙananan yara. Na kira ƙanensa a waya na yi masa gaisuwa, amma halin da hanya take ciki ya hana ni zuwa. Yanzu ana ce min ta'aziyya bayan kwana uku haramun ce. Niyyata in je ranar arba'in, in sayi shinkafa da ragowar kuɗin da yake bina a dafa masa sadaka. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Gaisuwar waya ta wadatar, sunnar ta sauka a kanka. Kada kunya ta tura ka kan hanyar da ka san ba lafiya.

Masu cewa haramun ce kuwa, a tambaye su inda suka samo. Iyakar abin da malamai da yawa suka faɗa shi ne makaruhi, don kada a fama wa mutane ciwon da ya fara warkewa. Su ɗin ma sun cire wanda ba ya gari. Imamu Nawawi ya kawo cewa ukun kintace ne, ba iyaka ba, har ya ambaci wanda ya ce babu laifi ko da an daɗe. Hadisin da ake jingina da shi, na hana mace zaman baƙin ciki fiye da kwana uku in ba mijinta ne ya rasu ba, magana yake a kan wanda aka yi wa rashi, ba a kan mai zuwa lallashi ba. Sannan da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya bar iyalansa kwana uku, sannan ya je musu, ya sa aka kawo masa 'ya'yan, aka kira wanzami ya yi musu aski. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito. To matar da aka bari da marayu, wa ya ce ranar huɗu ta gama buƙatar a ce mata "ya haƙuri"? Ai lokacin ne ake naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa.

Amma ɗan'uwa, inda na fi ji maka tsoro shi ne wurin da ba ka ɗauke shi tambaya ba. Kuɗin nan, tun ranar da ya cika, sun tashi daga nasa sun koma na magada, kuma ka ce akwai yara. Ba ka da ikon yin sadaka da su, ƙanensa ma ba shi da shi. In ka dafa wa jama'a, bashin yana nan a wuyanka, kuma ka san abin da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta faɗa kan dukiyar marayu. Ka rubuta adadin, ka miƙa wa mai kula da rabon gado a gaban shaidu biyu. Ka bincika kuma ko ana bin marigayin, don bashi ake fara biya kafin rabo.

Arba'in ba ta da asali a sunna, kada ka jira ta. Duk ranar da hanya ta yi kyau ka je, buhun shinkafar ya fito daga aljihunka, a kai shi cikin gida ɗanye. Kada ka kwashi tawaga har a ɗora muku tukunya. Kada ka tsare su da "me ya same shi, yaya aka yi"; a ƙasar Zamfara yanzu wannan tambayar takan tono abin da mai gida ba ya son tunawa. Matar tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ko haihuwa in tana da ciki: ka gaishe ta a gaban muharraminta, ka taƙaita. In da hali ka ɗauki kuɗin makarantar ɗaya daga cikin yaran.

Wallahu a'alam.