Kwaɗon da ke kan shafinku ba ya gadin cikin ɗaki

Tambaya: WhatsApp na cewa saƙonnina a kulle suke, babu mai iya karantawa. To ga shi ƙanena ya kawo min zancen da ni da mutum ɗaya kaɗai muka yi. (Wata baiwar Allah, Runjin Sambo)

Amsa: Hajiya, WhatsApp bai yi miki ƙarya ba. Shiga wurin na'urorin da aka haɗa da asusunki, ki cire duk wadda ba ki sani ba, ki sa wa wayar lambar da ba shekarar haihuwarki ba. Wayar da kike bai wa yaran gida su yi wasa har su yi barci da ita, ai ba ta da sirri. Idan kin duba babu komai, to ki tuhumi wanda kuka yi zancen da shi.

Tambaya: Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi. Muna da shafin duba sakamako da biyan kuɗin makaranta, wani yaro ya haɗa mana shekaru da dama, yanzu ya koma Abuja. Wani uban ɗalibi ya ce sabarmu, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta tsufa, akwai haɗari. Ni kuma ina ganin alamar kwaɗo a saman burauza, kuma shafin bai taɓa tsayawa ba. Abin da bai lalace ba, don me za a taɓa shi? (Wani malami, Arkilla)

Amsa: Malam, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce ta sa na ajiye sauran wasiƙu gefe. Na gaji da jin ta. Uban ɗalibin nan ya fi ka gaskiya, ka neme shi ka yi masa godiya.

Kwaɗon da kake gani abu ɗaya yake faɗa: bayanan da ke tafiya tsakanin wayar mutum da sabar a ƙulle suke, wanda ya tare hanya ba zai fahimce su ba. Da zarar sun isa, sai sabar ta warware su kafin ta yi aiki da su, kuma a wannan lokacin suna zaune ne a ƙwaƙwalwarta a fili. Manhajar da ke wannan ƙullewa da warwarewa, a mafi yawan sabobi, ita ce OpenSSL. Mutane ne suka rubuta ta, kuma sun taɓa yin kuskuren da ya girgiza duniya.

Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka sanar da ɓarakar da ake kira Heartbleed. Neel Mehta na Google da wani kamfanin Finlan mai suna Codenomicon ne suka gano ta, kowa ta nasa ɓangaren. Akwai wata 'yar gaisuwa da kwamfutoci biyu ke yi don tabbatar da layi na nan a raye: ɗaya ta aika saƙo, ta faɗi tsawonsa, ɗayar ta maido mata shi. To OpenSSL ba ta duba ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne. Ka ɗauka ka bai wa mai awo a kasuwa ajiyar kwano ɗaya na gero, ka dawo ka ce ya ba ka kwano hamsin ɗinka, shi kuma ko littafi bai buɗe ba, ya shiga ɗebowa daga buhunan mutane yana cika maka. Haka sabar ke yi. A kowace tambaya tana iya zubo har kilobayit 64 na abin da ke ƙwaƙwalwarta, kuma ɓarawo na iya maimaita tambayar yadda ya ga dama. Abin da ke fitowa ya haɗa da sunaye da kalmomin sirri na waɗanda suka shiga yanzu-yanzu, wani lokaci har da makullin sirrin sabar kanta. Kuma ba ya barin sawu a rajistar da aka saba dubawa.

Kuskuren ya fito ne cikin sigar 1.0.1 a Maris 2012, wato ya shekara biyu a buɗe kafin a ankara. Kamfanin Netcraft ya ƙiyasta kusan shafuka rabin miliyan abin ya shafa, har da Yahoo. Hukumar harajin Kanada ta ce an kwashe lambobin inshorar mutane kusan 900 daga sabarta. Duk waɗannan shafukan, malam, kwaɗonsu na nan daram a lokacin da ake kwasar, kuma babu wanda ya tsaya.

An toshe ɓarakar a sigar 1.0.1g tun ranar da aka sanar. Amma faci ba ya hawa da kansa a sabar da mai ita ya tafi Abuja. Na taɓa shiga wani ofishi a garin nan, na tarar da sabarsu ƙarƙashin tebur, ƙurar hunturu ta toshe fankarta, an ɗora fulas ɗin shayi a kai, an manna takarda a jiki ɗauke da kalmar sirrin mai gudanarwa. Da na tambayi ranar da aka sabunta ta, sai aka fara kallon-kallo. A cikinta akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu da hotunansu. Ku kuma na 'ya'yan mutane ne a hannunku, da adireshin gidajensu. Wannan amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora muku nauyin sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan irin waɗannan bayanai suka fita.

Ka shiga sabar ka buga `openssl version -a`. Idan ka ga 1.0.1 zuwa 1.0.1f, ka tashi tsaye. Sai dai ka duba ranar ginawa da zai nuna maka, don tsarukan da saba ke gudana a kansu, irin su CentOS da Ubuntu, kan yi faci su bar tsohuwar lamba. Ko 1.1.1 ka gani kar ka saki jiki, an daina kula da ita kyauta tun Satumba 2023. Idan CentOS 7 ce a ƙasa, ita ma an yi mata sallama ƙarshen Yuni 2024, sai ƙaura zuwa sabuwa.

Sannan bi da bi, kuma kar ka juya jerin: ka sabunta manhajar, ka sake tada sabar, ka ƙirƙiri sabon makulli, ka soke tsohon satifiket, wato shaidar shafin da ke kawo kwaɗon nan, ka karɓi sabo (Let's Encrypt na ba da shi kyauta), daga nan ne za ka ce kowa ya canza kalmar sirri. Wanda ya fara da canza kalmar sirri alhali sabar na yoyo, sabuwar ya miƙa wa ɓarawo. Ka kuma rufe asusun yaron nan na Abuja yau ɗin nan, ko da kuwa ɗan amana ne.

Ni al'adata ita ce littafi mai bango mai ƙarfi ga kowace saba, da rana ɗaya a wata, Asabar ta farko bayan sallar Asuba, kafin rana ta buɗe. In duba sabuntawa, in rubuta kwanan wata da sigar da na tarar da wadda na bari. Idan makarantarku ba ta da mai yin wannan, ku mayar da shafin hannun kamfanin da ke kula da saba a kan kuɗin wata, ku huta.

Tambaya: Kalmar sirri ɗaya nake amfani da ita a imel da Facebook da manhajar banki, don kar in manta. Mai tsawo ce ƙwarai. (Mai shagon POS, Mabera)

Amsa: Tsawonta ba zai cece ka ba idan ta zubo daga sabar wani shafi da ka yi rajista shekara biyar baya. Kai da ke riƙe bashin unguwa guda a ka, kalma uku ba za su gagare ka ba. Fara da imel, don ta nan ake sake saita sauran, ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Ni Bitwarden, manhajar adana kalmomin sirri, nake amfani da shi.

Tambaya: Duk shafin da na buɗe sai burauza ta ce haɗin ba amintacce ba ne. An yi min kutse ne? (Wani ɗalibi, Wamakko)

Amsa: Duk shafuka a lokaci ɗaya? Duba kwanan watan wayarka, ina kyautata zaton ta koma shekarun baya bayan batir ya mutu. Sa ta riƙa ɗaukar lokaci daga layin waya da kanta. Idan kwanan wata daidai ne kuma a kan wayifai na jama'a kake, sauka ka hau datarka, kar ka danna "ci gaba".