Mai awon fili zai fita waje: abin da ke tsallaka iyaka da abin da ke tsayawa a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Garwa ne, na yi BTS (takardar karatun fasaha bayan sakandare) a awon ƙasa, shekarata 4 ina aiki a ofishin wani jiyometir, wato ƙwararren mai awon fili, yawanci awon filayen unguwa da kafa duwatsun iyaka. Aiki ya ja baya, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Wani abokina da ke Dubai ya ce safiyo, wato mai awo, na samun kuɗi a can, wasu kuma sun ce in fara da Njamena ko Najeriya. Takardata za ta yi aiki a waje? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu biyu kake da su a hannu, ɗaya ne kaɗai zai bi ka. Iya aikinka zai bi ka ko'ina: kafa na'ura ta daidaita, kama tudu da gangare, fitar da gini daga takarda zuwa ƙasa. Amma ikon sa hannu a kan iyakar fili, wannan na ƙasa ne, a bakin boda yake tsayawa.

Dalili kuwa, awon iyaka rabinsa lissafi ne, rabinsa shari'a. A nan Kamaru aikin da kake yi yana kan dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 da dikirin 27 ga Afrilu 1976 wanda aka gyara a 2005. Ka san yadda abin yake tafiya: sufurefe, wato shugaban mulkin gunduma, ya jagoranci kwamiti, a fita da jauro ko lawan da dattawan gari, maƙwabta su tsaya kowa a bakin nasa, sannan a dasa dutse, daga baya titir fonsiye, takardar mallakar fili, ya fito. Ka haye gadar Ngeli daga Kusiri ka shiga Njamena, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba, kana ƙarƙashin wasu dokokin daban, masu lamba 23, 24 da 25 na 22 ga Yuli 1967. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnan jiha, kuma taswirar fili ba ta da daraja sai da hatimin wanda hukumar masu awon ƙasa, SURCON, ta yi wa rajista. Faransa ma tun dokar 1946 ta keɓe kafa iyaka ga 'yan ƙungiyar ƙwararrun masu awo, jiyometir-eksper. Kowa ya kulle ƙofarsa, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda bai san tarihin gonar ba, bai san harshen masu gonar ba, ya zo ya raba gado?

Saboda haka ƙofar baƙo ita ce shantiye, wato wurin aikin gine-gine: hanya, gada, magudanar ruwa, benaye, layin wuta. A can ba a tambayarka hatimi, ana tambayarka ko ginshiƙi zai faɗa inda injiniya ya zana. Bututun man da ya taso daga Doba zuwa Kiribi, kilomita 1,070, wanda aka buɗe a 2003, irin wannan aikin ne ke haɗa ma'auna daga ƙasashe barkatai a tanti ɗaya. Matsalarka ita ce shekarun nan 4 a filayen unguwa ka yi su. Kafin ka nemi fasfo, nemi shantiyen hanya ko na gini a nan gida ka yi ko da shekara ɗaya ce, ko da kuɗin bai kai na yanzu ba.

Sai maganar abokinka. Ka tambaye shi wane safiyo yake nufi, don a ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila kalmar laima ce, sana'o'i da yawa ne a ƙarƙashinta. Akwai mai lissafin kuɗin gini da kayan da zai ci. Akwai mai yi wa gida ko kanti ƙima don banki ko mai saye. Akwai mai duba lafiyar gini, tsagewa da yoyo. Sannan ga irinmu masu na'ura mai ƙafa uku da madubi a rana. Manyan albashin da ake ba da labari yawanci na masu lissafin kuɗin gini ne da masu ƙima. Ko a Najeriya hukumar masu ƙimar gidaje daban take, ESVARBON, ba ruwanta da SURCON. Na ga yaro ya tafi ganawar neman aiki da hotunan shantiye cike da waya, aka ajiye masa kwangilar gini aka ce ya fitar da kuɗin siminti da rodi. Ya dawo masauki bai ko ci abinci ba.

Takardar da ta fi tafiya a wannan duniyar ita ce ta RICS, cibiyar safiyoyi da aka kafa a Landan a 1868. Mai digirin da suka amince da shi yana yin wata 24 na horo a ƙarƙashin wani ɗan cibiyar, ya rubuta abin da ya yi, sannan ya zauna gaban kwamiti su yi masa tambayoyi, in ya haye ya saka MRICS a bayan sunansa. Da BTS ba nan za ka fara ba. Akwai matakin ƙasa, AssocRICS, wanda ya fi duba shekarun aiki fiye da digiri. Amma ka ji ni da kyau: ba ka buƙatarsa don aikinka na farko, kuma ana biyan kuɗinsa duk shekara da fam, ba da sefa ba. Abin da kake buƙata yau Turancin Ingilishi ne na aiki, da manhajojin zanen kwamfuta AutoCAD da Civil 3D. Covadis ɗin da muka saba da shi a nan ba kowa ya san shi ba da zarar ka bar ƙasashen Faransanci. Na'ura kuwa, wanda ya iya Leica ba zai kwana uku bai gane Trimble ko Topcon ba.

Bari in ba ka labarin abin da ya kusa korata daga aikina na farko a Njamena, don shi ne ramin da baƙo ke faɗawa. An ba ni lambobin kusurwoyin wani fili daga tsohuwar taswira. Na zuba su a GPS ɗin awo, na buga turaku huɗu, na shafa musu jan fenti, ina jin kaina. Wani dattijo mai gadi yana zaune kan tabarma da butarsa yana kallona tun safe. Da na gama sai ya ce, "Malam, turken can naka a tsakiyar hanyar shanu yake, tun ina yaro dutsen yana gindin aduwar nan." Muka tona gindin aduwa, sai ga tsohon dutse da ƙusarsa. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, ni ne ban tambayi tushen lambobin ba. GPS yana aiki da tushen lambobi na duniya, WGS 84, tsofaffin taswirorin yankinmu kuwa an ɗora su a kan tushe na gida. Akwai wanda ake kira na Garwa, akwai na Kusiri, Najeriya tana da na Minna, kuma tsakaninsu da na tauraron ɗan'adam ana samun bambancin gomomin mita, wani lokaci har fiye da ɗari. Ko yankin UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya yanki-yanki, ma yana canjawa: Garwa, Marwa da Njamena suna 33, Kano tana 32. Dubai da Katar kowacce da nata tsarin lambobin. Duk inda ka sauka, ranar farko ka nemi tsofaffin duwatsu biyu ko uku ka gwada na'urarka a kansu kafin ka buga turke ko ɗaya. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, ni mai gadi ne ya ja mini sanda.

In ka tambaye ni, da Njamena za ka fara. Faransanci ne harshen ofis, kuɗin sefa ɗaya ne, ɗan Kamaru ba ya buƙatar biza tunda ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar Afirka ta Tsakiya, suka buɗe zirga-zirga a 2017, kuma in abu ya ɓaci mota ce za ta dawo da kai. Sai dai izinin shiga daban, izinin aiki daban, kamfani ya yi maka kwangila a rubuce. Larabcin da za ka tsinta a kasuwa da shantiye ba ɓata lokaci ba ne, zai yi maka rana in ka nufi Saudiyya. Najeriya kuwa ka tuna Kamaru ba ta cikin ECOWAS, sauƙin da ɗan Ghana ko ɗan Benin ke samu kai ba naka ba ne, ko da yake Hausa za ta buɗe maka ƙofofi a Yola da Kano.

In lokacin ƙasashen Larabawa ya yi, ka kai takardunka a buga musu hatimi a ma'aikatar harkokin waje a Yawunde da ofishin jakadancin ƙasar tun kana gida. Ka duba sunan sana'ar da aka rubuta a bizar, don in an rubuta lebura, albashin lebura za ka ci ko da kai ke riƙe da na'ura. Ka tambayi masauki, tikitin dawowa, da kuɗin ƙarin awa, su shiga takarda. Dillalin da ya ce ka sayar da filin gado ka kawo masa kuɗi kafin ka ga kwangila da sunan kamfani, ka ce masa za ka yi shawara, ka tashi.

Daga gobe ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane aiki: wuri, girman fili, na'urar da ka yi amfani da ita, kuskuren rufewa (bambancin da ke fitowa in awo ya rufe a kan dutsen da aka sani) nawa ka samu, wa ya duba. Maigidanka ya sa maka hannu duk wata tun kuna shiri. RICS za ta tambaye ka wannan littafin, kamfanin Njamena ma zai tambaya.