Sorry ɗin Bature ba sannunmu ba ce

Malam, tambayarka ta tuna mini da kaina. Ka ce abokin aikinka Bature ya buge gwiwa da tebur, ka ce masa "sorry", shi kuma ya dube ka ya ce ai ba laifinka ba ne. Ba wani kuskure ka yi ba. Sannu ka yi masa da Turancinmu na gida, shi kuwa ban haƙuri ya ji.

Haka na sha a Manchester farkon zuwana karatu. Wata dattijuwa ta yi tuntuɓe a tashar bas, na ruga ina "sorry, sorry". Tana miƙewa sai ta tambaye ni ko ni na ture ta. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Su a irin wannan hali "are you all right?" suke cewa.

Abin da na lura shi ne, aikin da mu muka raba wa kalmomi da yawa, su sun ɗora wa kalma ɗaya. Ka taka mutum, yi haƙuri ce. Kana son ratsa cunkoso, gafara ce. In ba su ji maganarka ba, sai su ɗaga murya su ce "sorry?", wato na'am? Mai kanti ma da ita yake sallamarka cikin ladabi idan ya rufe. Jaje kuwa sai an ƙara mata wutsiya: "sorry to hear that", ko "sorry for your loss" wajen ta'aziyya. In ka faɗe ta tsurarta bayan wani ya ji ciwo, ɗaukar laifi suke ji. Har ma a Ontario ta Kanada an yi doka a 2009 cewa ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne a shari'ar neman diyya.

Abin dariya, tushenta a tsohon Turanci ɗaya ne da "sore", wato ciwo. Ke nan mu masu faɗa wa wanda ya ji ciwo ba mu yi nisa da asali ba.

A gida ci gaba da abinka, kowa ya san sannu kake nufi. Shi kuma Baturen naka, in ya sake bugewa ka tambaye shi "are you okay?" Kuma kada ka yi mamaki ranar da ka taka shi, ya riga ka cewa "sorry". Mutanen Ingila har ƙofa suna ba wa haƙuri in sun yi karo da ita.